Layin da Na Yanka da Almakashina

Asabar, 4 ga Nuwamba, bayan la'asar

Yau na rabu da tsohuwar salulata. Shekara goma sha huɗu muna tare, ta fi auren wasu daɗewa. Har robar da nake ɗaure bayanta da ita na bar wa Abdurrazak, mai butik ɗin wayoyi a bakin kasuwar Assihar. Ya juya ta gaba, ya juya ta baya, ya ce, "Baba Mahamadu, wannan ai ba musaya ba ce, sadaka zan yi maka." Na ce to ka yi, Allah ya karɓa. Ya amshi tsohuwar da ciko, ya ba ni mai gilashi, irin wadda ake shafawa kamar kan maraya.

Matata Laure ce ta matsa. Tun bayan babbar salla take cewa matan unguwarmu ta Sersouf duka suna ganin jikokinsu na Damagaram a waya, ita kaɗai mijinta ya bar ta tana magana kamar mai leƙa rijiya.

Matsala ɗaya aka samu. Katin layina irin na dā ne, babba, ramin sabuwar kuwa bai kai farce ba. Abdurrazak ya ce in je buron kamfanin, wato ofishinsu, su ba ni ƙarami, lambar ba za ta canza ba. Na ce ba ni zuwa buro. Bai tambayi dalili ba, yaro ne mai tarbiyya. Ya ce to akwai mai na'urar yanka, amma sai Litinin yake shigowa. Na ce ni da na yi shekara talatin ina yanka shadda a kasuwar nan, ba a taɓa maido mini da yadi an ce ya karkace ba, zan jira Litinin? Na koma rumfata na ɗauko almakashi, na aza wani ƙaramin kati bisa nawa, na bi gefe a hankali.

Ya shiga ramin daidai, kamar don shi aka yi.

Lahadi, 5 ga Nuwamba, da hantsi

Wayar ta kawo haske, ta kawo agogo, ta kawo hoton wani dutse da ruwa na zubowa. Layi ne bai zo ba.

Litinin, 6 ga Nuwamba, bayan azahar

Abdurrazak ya zaro katin ya ɗaga shi sama wajen rana. Ya ce, "Baba, ka ci zinariyar." Ashe wannan ɗan rawayan da ke tsakiya shi ne ran abin, ni kuwa na gyara masa baki kamar wuyan riga. Na ce a maido mini da tsohuwata mu gwada. Ya ce ko a tsohuwar ba zai tashi ba, kuma ma ya wanke ta tas ya sayar wa wani direba tun jiya. Lambobin mutane duk a cikinta suke, ba a katin ba.

Ya ce, "Buro dai, Baba. Minti goma. Ka je da kartar shaidar mai layin."

Na ce sai na huta. Ba wanda ke nemana da gaggawa.

Talata, 7 ga Nuwamba, bayan magariba

Motocin jami'an da ke kama baƙi su maida su Nijar sun je shantiyen ginin da ke hanyar filin jirgi da safe. Khamisu, mijin 'yata Rakiyatu, bai dawo ba.

Laraba, 8 ga Nuwamba, bayan asuba

Rakiyatu ta kwana a ɗakin uwarta. Da na fito alwala na iske ta zaune bakin murhu, ba ta hura wuta ba. Ta ce, "Baba, zai kira ka ai." Na ce insha Allahu.

Bari in rubuta yadda abin yake, ko zan ga girmansa a takarda. Duk wanda ya zo daga gida neman aiki ya sauka wajena, kafin in nuna masa inda ake kwana sai ya haddace lambata. Ba na yarda da rubutu, don takarda tana ɓata, waya kuwa ita ake fara amshewa in ranar kamen ta zo. Kai kaɗai ake bar wa mutum. Kakata da ta rene ni ba ta taɓa ba mu tatsuniya ba tare da waƙa a tsakiya ba, ta ce waƙar ce ke riƙe labarin kada ya zube. Shi ya sa na sa wa lambar kari, biyu-biyu, ana tafi a ƙarshe. Manyan maza masu gemu sun tsaya a tsakar gidan nan suna rera ta, Laure tana dariya a madafa. Mutum nawa suka kira ni daga bakin iyaka da wayar aro? Na daina tunawa.

Khamisu ya haddace ta shekara tara da suka wuce, tun yana ɗaukar bulo, kafin ya zama magini, kafin ya fara sunkuyar da kai in ya gan ni saboda ya ga 'yata. Lambar matarsa bai sani ba, ta canza layi bara, kuma wa ke haddace lamba yanzu? Tawa kaɗai ke kansa.

Tawa kuwa tana cikin aljihuna, an gyara mata baki.

Alhamis, 9 ga Nuwamba, da rana

Na je buro. Na sa babbar riga, kamar rigar ce za a tambaya. Wata yarinya mai tabarau ta buga lambar a injinta ta ce, "Agali ag Elkhaj?" Na ce abokina ne, shi ya yankar mini layin lokacin ban samu takardun zama ba. Ta ce to ya zo da kansa da kartarsa. Na ce yana Silet, can ƙauyensu. Ta ce Silet ai ba Makka ba ce, Hajji. Na ce tsoho ne. Ta dube ni ta saman tabarau.

Na ce ba za a iya yi mini alfarma ba? Ta ce injin bai san alfarma ba. Ta ce in ina so ta yankar mini sabon layi yanzu da sunana. Na yi godiya na fito.

Na san abin da za su ce tun ranar Asabar. Shi ya sa na ɗauki almakashi.

Juma'a, 10 ga Nuwamba, bayan masallaci

Ina yawo da wayar a hannu, ina dubawa lokaci-lokaci kamar mai jiran kira. Mutane a masallaci suna cewa, "Akwai labari, Baba?" Ina cewa tukuna. Ba ƙarya na yi ba.

Asabar, 11 ga Nuwamba, da hantsi

Laure ta sani. Ban gaya mata ba, amma shekara arba'in da ɗaya ba wasa ba ce. Ta kawo mini kunu ta tsaya.

"Malam, yaushe za ka Silet?"

Na ce wa ya ce za ni Silet?

"Ba wanda ya ce. Shi ya sa nake tambaya."

Na ce akwai dabara, Abdurrazak ya san wani da ke lallaɓa katin da ya mutu. Ta ce, "Shi ma da almakashi yake aiki?" Ta ɗauki tire ta fita.

Lahadi, 12 ga Nuwamba, bayan la'asar

Mai lallaɓa kati ya duba ya yi dariya har ya kira maƙwabcinsa ya gani.

Litinin, 13 ga Nuwamba, da safe

Rakiyatu ta shigo zaure ta durƙusa nesa da ni. Wayarta a hannu. Ta ce, "Baba, na gwada kiranka jiya, don in ji ko tana ƙara da ƙarfi. Wata mata ce ke amsawa da Larabci, wai layin a rufe yake." Ta ce, "Ko rezo ne, waya ba ta kamawa?"

Ta ba ni ƙofar fita, 'yar albarka. Da na ce rezo ne da ta ce to.

Na gaya mata. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Kwana shida ke nan, Baba." Ta tashi ta shiga ciki. Da ta zage ni da na fi samun abin riƙewa.

Litinin, bayan azahar

Ban buɗe rumfa ba. Na zauna ina kallon hoton dutsen da ruwan.

Talata, 14 ga Nuwamba, bayan la'asar

Yunus, ɗan Larai mai abinci, ya kira uwarsa daga Assamaka, garin bakin iyakar Nijar. Shantiye ɗaya suke da Khamisu. Na je da kaina na ji daga bakinta. Ta ce an sauke su da sauran tafiya, sun taka da ƙafa har garin. Ya ga Khamisu a hanya, takalmi ɗaya ne a ƙafarsa, ɗayar ƙafar ya naɗe da hannun riga. Daga baya taro ya raba su. Na ce a kira lambar da Yunus ya kira da ita. Ta kira, wani ya ɗauka ya ce shi matafiyi ne, ya riga ya kama hanyar Arlit.

Larai ta ce, "Ai Khamisu kai zai nema, Baba Mahamadu, duk kai suke nema. Yunus ma ya ce ya gwada taka sau biyu kafin ya tuna tawa."

Na ce haka ne.

Takalmi ɗaya. Na yi ta tunanin wace ƙafar ce, kamar sanin zai rage wani abu.

Laraba, 15 ga Nuwamba, bayan asuba

Na iske ƙunshi a bakin ƙofar ɗakina. Sukari, ganyen shayi, da farin rawani daga cikin kayana na sayarwa, mai kyan. Laure tana shara ba ta dube ni ba.

Na ce, me zan ce wa Agali?

Ta ce, "Abin da ake cewa. Allah ya jiƙanta, Allah ya ba da haƙuri. Ba a canza shi ba tun da ka sani."

To, tun da ta faɗa, bari ni ma in rubuta. Tekna, matar Agali, ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Ita ta karɓi haihuwar Rakiyatu a gidan nan, lokacin Laure ba ta san kowa a garin ba, ba ta jin yaren kowa. Saƙon ya iske ni ana tsakiyar babbar kasuwar shekara, baƙi sun cika Assihar. Na ce in an yi uku zan je. Aka yi uku na ce bakwai. Aka yi arba'in, sai kunya ta shigo, na ce yanzu in na je da wane ido? Laure ta je ita kaɗai a motar kasuwa, ta ce musu ba ni da lafiya. Agali ya kira ni sau ɗaya bayan nan. Na ga sunansa, na bar ta ta yi ta ƙara a aljihu.

Ba faɗa muka yi ba. Da faɗa ne da an shiga tsakani.

Laraba, da yamma, Silet

An tsayar da mu sau biyu a hanya, takarduna lafiya. Awa biyu da wani abu, duwatsu baƙaƙe hagu da dama.

Na iske shi a garkarsa yana buɗe wa albasa ruwa. Ya tsufa, ya rame a wuya. Ya ɗago ya dube ni ta tsakanin rawani, ya gama toshe kwalbatin da ƙafa tukuna, sannan ya zo ya ba ni hannu. Muka shafa tafi muka ja, muka shafa muka ja, yadda mutanen Silet suke yi. Hausarsa tana nan yadda ya koyo ta a ayarin Agadas.

Na ce, "Agali, na zo gaisuwar Tekna. Allah ya jiƙanta, Allah ya ba da haƙuri."

Ya ce, "Amin. Ka ji sauƙi ke nan?"

Na ce wane sauƙi?

"Laure ta ce ba ka da lafiya. Na ce lallai ciwon nan babba ne."

Ya kai ni maƙabarta, muka yi mata addu'a. Muka dawo ƙarƙashin dabino ya hura gawayi. Kofi na farko, na biyu, na uku. Ya ba ni labarin cutarta, da rijiyar da ta ƙafe, da 'yarsa Lalla da ke dafa masa yanzu. Wayar tana aljihuna kamar garwashi. Sau uku na buɗe baki. Amma yaya mutum zai kawo gaisuwar mutuwa a makare da shekara huɗu, ya aje ta, kafin ta huce ya ce af, ina kartarka? Zai ce ba don Tekna na zo ba. Kuma zai yi gaskiya.

Rana ta faɗi ban faɗa ba.

Alhamis, 16 ga Nuwamba, bayan azahar, Silet

Na faɗa bayan sallar asuba, ina kallon tabarma. Duka na faɗa, har almakashin.

Ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "Mijin Rakiyatu? Rakiyatun Tekna?"

Na ce shi.

"Yau kwana nawa?"

Na ce tara.

Ban taɓa jin Agali ya ɗaga murya ba sai yau. Ya ce, "Kai Mahamadu, jiya ka zauna ka sha mini shayi kofi uku, kana ta gyaɗa kai ina ba ka labarin rijiya, yaron mutane yana can da ƙafa ɗaya? Shekara huɗun nan tsakanina da kai ne, na iya jira. Wunin jiya fa, na wa ka ci?"

Na ce kunya ce.

Ya ce, "Kunyarka tana da tsada, kuma kullum wani ke biya."

Ya shiga ɗaki yana kiran Lalla ta nemo masa karta. Aka zazzage akwati biyu da jakar fata, ba ta. Sai can aka tuna tana wajen ɗansa da ya je da ita karɓo takin gwamnati, ɗan kuma yana bayan gari wajen raƙuma. Kafin a kawo ta motar safe ta tafi. Ta yamma ba za ta kai mu ba sai buro ya tashi. Gobe Juma'a.

Da muka zauna jira ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Layin nan da sunana yake. Wani lokaci nakan ce, abin mamaki, layina ne amma ba ya kirana."

Juma'a, 17 ga Nuwamba, Sersouf

A rufe. Na sani, amma na bi ta ƙofar na duba.

Asabar, 18 ga Nuwamba, da hantsi

An buɗe rabin wuni. Yarinya mai tabarau ta dubi kartar, ta dubi Agali, ta ce ya sauke rawani ta ga fuska. Ya sauke shi zuwa haɓa kamar ana cire masa haƙori. Ya sa hannu. Ta ɓallo wani ɗan kati daga cikin babba da yatsa biyu, ba almakashi ba komai. Minti goma, yadda Abdurrazak ya ce.

Ta ce layin zai tashi kafin la'asar.

Asabar, bayan la'asar

Ya tashi. Wayar ta yi ta ɗan kuka tana karkarwa, saƙo bisa saƙo, duk da Faransanci. Rakiyatu ta karanta, ita ta yi lekkol, makarantar boko. Jerin waɗanda suka nema ba su samu ba ne. Lambobin Nijar har biyar. Ɗaya ta kira sau goma sha huɗu.

Rakiyatu ta kira ta da wayata. Wani mai shayi ne a Assamaka, Ba'adare, mai magana da sauri. Ya ce e, ya san shi, dogo mai ɗingishi, kullum da hantsi yakan zo ya wanke masa kofuna ya ba shi waya ya gwada. Ya ce, "Har na ce masa, malam, mai lambar nan ko ya mutu ko ya gudu." Na karɓa na ce ga ni, ban mutu ba. Na ce yana ina?

Ya ce jiya bai zo ba, yau ma bai zo ba.

Na ce in ya gan shi ya ce masa layin ya tashi. Ya ce in ya gan shi.

Sauran huɗun mun kira. Yaran unguwa ne, biyu mun same su, na aika wa iyayensu.

Lahadi, 19 ga Nuwamba, da hantsi

Shiru. Agali ya ƙi komawa, ya ce albasa ta yi haƙuri.

Lahadi, bayan la'asar

Mai shayi ya ce bai gan shi ba. Ya ce an kwashi wasu zuwa Arlit ranar Juma'a, wasu kuma suna ɗakin likita. Bai san ko yana ciki ba. Laure ta dafa shinkafa, ta koma tukunya yadda ta fito.

Litinin, 20 ga Nuwamba, bayan azahar

Bari in rubuta.

Da hantsi muna zaure ni da Agali, wayar tana kan tabarma tsakaninmu. Sai ta ɗauki wani kiɗa da ban taɓa ji ba. Lambar Nijar, ba ta mai shayi ba. Wani kore yana tsalle a gilashin. Na danna shi. Bai ɗauka ba. Na danna da ƙarfi. Na danna da babban yatsa, na danna da farce. Agali yana cewa, "Danna mana!" ina cewa ina dannawa! Tun da na sayi abin nan ba wanda ya taɓa kirana a ciki, ban san yadda ake amsawa ba.

Kiɗan ya tsaya.

Ban san abin da fuskata ta yi ba, amma Agali ya kama mini hannu. Rakiyatu ta fito da gudu ba mayafi, hannunta duk kumfar wanki. Muka tsaya mu uku a kan waya. Laure a bakin ƙofa tana salati.

Ta sake ɗauka. Rakiyatu ta goge yatsa a zane ta ja koren gefe, sau ɗaya, ta miƙo mini.

"Salamu alaikum. Baba? Ina kwana, Baba. Ina gajiya. Yaya sanyi, yaya mutanen gida..."

Da wayar aro, daga ɗakin likita a Arlit, surukina yana gaishe ni a tsare. Na ce Khamisu bar gaisuwar nan, yaya ƙafar? Ya ce an wanke an ɗaure, ba za a yanke komai ba. Sai muryarsa ta sauka. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, na ɗauka na manta lambar. Na yi ta rerawa ba ta shiga. Har na riƙa juya ta, in sa na baya a gaba, wata Balarabiya ta zage ni sau biyu. Na ce rana ce ta taɓa mini kai."

Kwana goma sha uku yana zargin kansa.

Na ce, "Ba ka manta ba, ɗana. Daidai ka riƙe ta. Ni ne na yanka layin."

Ya ce, "Yanka, Baba?"

Na ce labarin da tsawo, wayar kuma ta mutane ce. Ga matarka.

Ta karɓa da hannu biyu ta shige ɗaki, uwarta ta bi ta. Muka rage mu biyu a zaure. Agali ya jawo gawayin shayi.